Jinyar Mesa a Gidan Surukina

Daga Allah muke, kuma gare shi za mu koma. Surukina, mahaifin maigidana, ya amsa kiran Ubangijinsa a nan Arlit, a kan shimfiɗarsa, bayan tsufa ya cim masa. Ba sara, ba cizo.

Sai da na faɗi haka, domin tambayar da masu gaisuwa suka yi ta yi mini ke nan. Wata tsohuwa mai sayar da yaji ta zauna kusa da ni, ta yi addu'a, sannan ta rage murya ta ce, "'Yar nan, gaya mini gaskiya, su ne suka ci shi?" Na ce mata zazzaɓi ne da shekaru. Ta taɓe baki kamar wadda aka yi wa rowar labari. Matan unguwa kuwa, kowace ta shigo sai ta ɗaga gefen tabarma ta leƙa kafin ta zauna, alhali rabon gidan nan da maciji tun ɗana na fari yana goye, ga shi yanzu da nasa 'ya'yan. A waje wurin maza na ji wani yana cewa, "Gardi ne fa, amma bai taɓa wasa da sallah ba." Wani ya ce, "To, da can an ce maka gardi ba Musulmi ba ne?" Sai da liman ya tsawatar. Samarin da suka dawo daga haƙar zinariya ba su ma san ya taɓa yin wata sana'a ba. Tsohon da ke zama bakin ƙofa da carbi kawai suka sani.

Abin ya tsaya mini a rai. Surukuwata, wadda muke kira Inna, ta riga shi tafiya da daɗewa, maigidana kuma ba mai yawan magana ba ne. Idan ni ma na yi shiru, abin da zai rage shi ne ɗaga tabarma. Sunansa ba zan kama ba, ban taɓa kamawa yana raye ba. Baba nake ce masa.

Mutumin Adar ne, kuma harshensa bai taɓa barin can ba. Ya gaji wasa da macizai wurin kakansa, ya yi yawon kasuwanni da kwanduna da ganga, har labarin garin ma'adini ya jawo shi arewa. Lokacin da uraniyom ke da daraja, kamfani ya riƙa kiransa ya fitar da macizai da kunamu daga lambunan gidajen Nasara. Ni daga Damagaram aka kawo ni gidan. Ranar da na fara ganin murfin wani kwando yana motsi a ɗakin da ke ƙarshen tsakar gida, na yar da tulu na zura da gudu har na yi karo da shi a zaure. Bai yi dariya ba. Ya ce, "Tsoro ba aibi ba ne, ɗiyata. Gaggawa ita ka kashe mutum."

Komai nasa a hankali yake. Bai taɓa buga ƙofa ba, bai taɓa ɗaga murya a kan yaro ba. Kowace safiya yakan bi takalman mutanen gida ɗaya bayan ɗaya ya kakkaɓe, har nawa, abin da ya riƙa sa ni jin kamar ƙasa ta tsage in shige. Idan aka kira shi gidan da aka ga maciji, abin da yake fara tambaya shi ne, "Kun buge shi?" In aka ce a'a, sai fuskarsa ta saki. Wanda maciji ya sara kuwa, yakan ɗaure masa abin da ya sani, amma da kansa yake raka shi asibiti. Sauran gardawa suna ganin wannan zubar da girman sana'a ne. Shi ko a jikinsa.

Daga nan abubuwa suka taɓarɓare. Kasuwar uraniyom ta faɗi, aka yi ta rage ma'aikata, maigidana na cikin waɗanda aka sallama. Ya koma tuƙin kamyon, babbar motar kaya, ta wani ɗan kasuwa tsakanin Arlit da Agadas. Ruwan sama ya ƙi, makiyayan da dabbobinsu suka ƙare suka zo suka kafa bukkokin kwali da buhu a gefen gari. Sai kuma tawaye ya tashi a duwatsun Abzin. Mota ba ta fita sai cikin ayari da rakiya, kowa ya koyi rage murya idan zai ambaci hanya.

A wannan tsakanin ne wani Banasare da zai koma ƙasarsu ya aiko a kira Baba. Yana da mesa a gidansa, cikin akwatin gilashi mai fitila, kuma ba a bar shi ya tafi da ita ba. Baba ya dawo da ita a buhu bisa amalanke, tsawonta ya fi na mutum biyu. Inna ta tsaya a tsakar gida ta riƙe ƙugu.

"Malam, mu da ke auna gero da hannu, ka kawo mana mai haɗiye kaza?"

"Ɓeraye za ta ci," in ji shi. "Ni na ɗauko ta tana ƙarama daga bakin gulbi, can kudu, na sayar mai. Ni na raba ta da ƙasarsu. In ban riƙe ta ba, wa za ya riƙe ta?"

Gidan Banasare akwai kuran, wato wutar lantarki, dare da rana. Gidanmu na laka ne da rufin kwano, ba fitilar da za ta ɗumama kowa. Da ɗari ya sauka, irin ɗarin Arlit mai fasa leɓe, mesa ta daina cin abinci. Ni na fara jin sautin, ina shara kusa da ɗakin: wani siririn fito, sai kuma ɗan ƙas-ƙas kamar ana taka busasshen ganye. Na gaya wa Baba. Ya buɗe ƙofa, ni ina bayansa daga nesa. Ta ɗaga kanta sama ta jingina shi da bango, bakinta a buɗe, kumfa na fitowa daga hancinta yana fashewa, wani yauƙi na zuba ta gefen baki.

Ya daɗe a tsugune. Sannan ya ce, "Ƙirji ne. Kin gani, ɗiyata, maciji bai da tari. Ke in majina ta tare miki, kina tari ki tofar. Shi abin da ya shiga ƙirjinai, nan shika zama har shi shaƙe shi."

Ya kwashe sauran kwandunan ya mayar da su gefe guda, nesa da ita. Ya sake mata shimfiɗa da busasshen buhu mai tsabta. Ya sa na riƙa dafa ruwa ina cika tukwane, yana naɗe su da tsumma yana jerawa kewaye da ita, ɗaya kuma a buɗe don tururi ya jiƙa iskar ɗakin. Ya ɗauki bargonsa, shi kaɗai gare shi, ya rufa mata. Da auduga yake share mata baki.

Ruwa a lokacin da bido, wato jarka, muke ɗebowa daga famfon unguwa, bayan dogon layi. Gawayi kuwa ya zama abin ɓoyo. Inna ta yi haƙuri har ranar da ta tarar ya kwashe gawayin girkin rana.

"Jikanka na kwana da sanyi, kai kana kwana da sanyi, maciji na kwana da bargo! Wace irin rayuwa ce wannan?"

"Jikana na da uwa, shina da ke. In ya ji ciwo shina kuka ku taso. Wagga ba ta iya kuka. Wanda bai iya kuka, shi a ka fara dubawa."

"To ka aure ta mana!"

Ta shige ɗaki ta saki labule. Kwanaki ba ta yi masa magana ba, sai dai ta ajiye masa tuwo ta juya.

Ya gwada abin da ya gada. Ya turara mata wasu saiwoyi a kasko, hayaƙi ya cika ɗakin. Kafin la'asar numfashinta ya ƙara tsananta, ta riƙa miƙa wuya tana buɗe baki kamar za ta haɗiye iskar duniya. Ya fitar da kaskon da sauri, ya zauna a bakin ƙofa, hannuwansa a kan gwiwa. Ban taɓa ganinsa haka ba.

"Nawa ya ƙare," ya ce. "Sai na Likita."

Likitan dabbobin da yake nufi Ba'abzine ne, mutum mai sanyin hali, wanda ya yi shekaru yana yi wa raƙuma da awakin yankin allura. A makonnin nan an fara kame a gari. Duk wanda ake zargin yana da ɗan'uwa a duwatsu ana iya zuwa a tafi da shi, kuma an ce ƙanen Likita ya bi 'yan tawaye. Mutane sun daina gaishe shi a hanya. Shi ma ya daina fita.

Maigidana yana gida a lokacin, ayari bai tashi ba. Da ya ji inda mahaifinsa zai je, ya tare zaure. Ban taɓa jin ya mayar wa Baba magana ba sai ranar.

"Baba, don Allah ka rufa mana asiri. Idanu na kan gidan mutumin nan. In aka gan shi a nan, takardar tuƙina za a karɓe, ko ni a tafi da ni. Saboda maciji?"

"Mi ya yi maka, shi Likita?"

"Bai yi mini komai ba."

"To ni ma bai yi mini komai ba. Ba ni hanya."

Ya dawo da shi da hantsi, ta tsakiyar unguwa, ba ɓoye-ɓoye, Baba a gaba da sandarsa, Likita a baya da farin rawani da 'yar jakarsa. Likita ya duba mesa daga bakin ƙofa, ya ce da irin Hausarsa, "Tsoho, ni raƙumi na sani. Wannan ban taɓa yi masa allura ba."

"Kai ka san magani, ni na san jikinta. Mu haɗa."

Likita ya ce a daina hayaƙi kwata-kwata, a ci gaba da ɗumi da tururi, kada a tura mata abinci dole. Ya ce yana da sauran maganin ciwon huhu, tunda dabbobin da aka tanada dominsu sun mutu, amma sai an san nauyinta kafin a auna. Aka aro sikelin mahauci, aka sa ta a buhu aka rataya. Baba ya nuna masa inda tsoka take da kauri a gefen ƙashin baya, kusa da gaba. Likita ya ce ba kullum za a yi ba, sai an riƙa tsallake kwana, domin jikin maciji a hankali yake sarrafa magani.

Aikin sai mutum uku, biyu su riƙe ta, ɗaya ya yi allura. Maigidana ya ƙi shiga. Baba ya dube ni. Na ba Inna yaron, na shiga, na dafa wajen wutsiya. Na zaci zan ji santsi da sanyi. Abin da na ji shi ne ƙarfi kamar damtsen namiji, da kuma yadda duk jikin ke wahala a kan kowane numfashi.

A zuwansa na uku ne abin ya faru, bayan azahar. Likita ya gama zuƙo magani ke nan muka ji motoci sun tsaya a bakin layi. Sai ƙarar bugun ƙofofi, gida bayan gida, da kukan yara. Maigidana ya leƙa ya dawo fuskarsa ta canja.

"Masu kaki ne. Sun tare layin gaba da baya."

Likita ya miƙe, allura a hannunsa. "Bari in fita. Kar in jawo muku."

"Zamna," in ji Baba. "Ba ka gama aikinka ba. Cire rawanin."

Duk wanda ya zauna da Abzinawa ya san nauyin wannan magana. Namiji ba ya buɗe fuskarsa gaban babba, balle gaban mata. Likita ya tsaya kamar an dasa shi. Bugun ƙofa ya iso gidan maƙwabcinmu. Na sunkuyar da kai, na ji yana warwarewa. Baba ya cire tsohuwar hularsa mai layu ya kifa masa, ya zaunar da shi fuskarsa na kallon bango, ya ɗora masa kan mesa a cinya, ya yafa musu bargon su biyu. Rawanin na nan zube a ƙasa, fari fat, kowa ya shigo shi zai fara gani.

Inna ce ta shigo da gudu, ita da ta rantse ba za ta taka ɗakin ba. Ta sure shi, ta naɗe tukunyar ruwan zafi da shi, ta goga masa baƙin gindin tukunya, ta tura cikin sauran. Ta fita ta zauna bakin murhu tana jijjiga jikanta.

Su huɗu suka shigo. Daga inda nake, riƙe da wutsiya, ina ganin tsakar gida. Shugabansu saurayi ne, idanunsa jajaye kamar wanda ya daɗe bai yi barci ba. Ya karɓi takardun maigidana ya duba, ya ce, "Akwai baƙo a gidan nan?"

Na dubi maigidana. Kalma ɗaya ta ishe shi ya tsira da kansa, kuma na san yana fushi. Ya dubi ƙasa ya ce, "Shef, ni ɗa ne a gidan. Ga maigidan can."

Shef ya nufo ɗakin. Baba ya tsaya a bakin ƙofa, bai tare ba, bai kuma kauce ba.

"Baba tsoho, wa ke ciki?"

"Marar lafiya da masu jinya."

"Matsa."

"Shigo, ɗana, amma a hankali. Kwandon da ke wajen ƙafarka ta dama gamsheƙa ce. Na bayanta kasa. Ba su son ƙarar takalmi."

Sauran ukun suka ja da baya. Shi ya sako ƙafa ɗaya ciki. Ɗakin da duhu-duhu, ga tururi. A daidai lokacin mesa ta ɗago kai daga cikin bargon, baki buɗe, ta ja wannan numfashi mai fito. Na ga hannunsa ya kai kan bindiga.

"Ba faɗa take ba," in ji Baba. "Iska take nema."

"Wancan fa? Ya juyo in gan shi."

"Shina riƙe da wuyanta. In ya saki yanzu, ɗiyata ce a wajen wutsiya, ita za ta naɗe. In kana so, zo ka karɓe shi ka riƙe, sai shi juyo."

Babu wanda ya motsa. Idon Shef ya sauka kan allurar da ke ajiye a kan buhu, da kwalbar magani, da jakar fata irin ɗinkin Abzin da muka manta a gefe. Ya daɗe yana kallon jakar. Na tabbata ya gane. Ya ɗago ya dubi Baba, Baba ya dube shi, ba roƙo a fuskarsa, ba kuma tsiwa.

"Tana warkewa?" in ji Shef.

"Muna fata."

"Allah ya ba ta lafiya."

Ya juya ya ce da mutanensa su tafi. Sai da ƙarar motocin ta ɓace sannan Likita ya ce, "Riƙe da kyau, tsoho." Ya yi mata allurar.

Ba kowane gida ne ya yi sa'armu a ranar ba. An tafi da mutane daga layinmu, wasu sun daɗe ba su dawo ba. An je gidan Likita ba a same shi ba, don haka bai koma ba. Ɗakin macizai ya zama masaukinsa. Inna ta wanke rawanin da hannunta, baƙin bai gama fita ba, ta miƙa masa ta bayan ƙofa tana ba shi haƙuri. Da ayari ya tashi, maigidana da kansa, ba wanda ya roƙe shi, ya sa masa rigar aiki mai baƙin mai, ya fita da shi a matsayin yaron mota. Iyalinsa suka bi shi daga baya. Mun ji ya zauna kudu, ya ci gaba da aikinsa. Ba mu sake ganinsa ba.

Sauran alluran Baba ya yi, yadda Likita ya nuna masa, ni da maigidana, da ya dawo daga hanya, muna riƙewa. Kumfar ta ragu, fiton ya yi ƙasa, wata safiya muka tarar ta sauke kanta ta naɗe jiki kamar gammo, bakinta a rufe. Da ta yi saɓa, ya saka mata ɓera. Ta daɗe tana kallonsa, sannan ta kai masa cafka. Inna, da ke leƙe ta taga, ta rangaɗa guɗa kafin ta tuna cewa tana adawa.

Na ɗauka zai riƙe ta har abada bayan wannan wahala. Amma da zafi ya wuce, aka ji ruwa ya sauka kudu, ya ce wani ɗarin ba zai same ta a Arlit ba. Ya saka ta a babban kwando, ya bi ayari, ya yi ta canjin mota har bakin gulbin da ya ɗauko ta. Sauran macizan ma ya sake su a jeji ɗaya bayan ɗaya, ya rataye gangarsa, bai ƙara wasa ba.

Ya dawo a rame, da kwandon wofi a kafaɗa. Muka kewaye shi a tsakar gida, ya sha ruwa, ya ba mu labarin hanya da shingaye, amma bai ce komai a kanta ba. Inna ce ta kasa haƙuri. Tana tsince wake, ba ta ɗago kai ba, ta ce, "Malam, da ka sake ta, ta ko waiwayo?"

Ya jawo kwandon wofi ya rufe murfinsa.

"Maciji bai waiwaye," ya ce. "Ta shiga ciyawa ta tahi abinta. Ni ne na yi ta waiwaye."

Allah ya jiƙan Baba. Yadda ya rufa wa marar murya bargo, ya rufa wa baƙo asiri, Allah ya lulluɓe shi da rahamarsa, ya yalwata masa makwanci, ya haɗa shi da Inna a gidan da babu tsoro. Amin.